DAGA ZAUREN MALAM: Karatun Gida Ko Na Intanet?

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan a watan Maris na 2020, har 'yan firamare ba su koma aji ba sai Janairun 2021, akwai tambayar da ta ƙi barin bakin mutanen zongo: in yaro ba zai je makaranta ba, a koyar da shi a gida ne, ko a sa shi makarantar intanet? Masu yi mana ita ba masu gudun boko ba ne. Wani ɗansa ke fama da sikila, rabin shekara yana kwance. Wani kuma fatauci ke yawo da shi da iyalinsa tsakanin Kumasi da Bawku.

Karatun gida ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka zo Salaga neman goro tare da malamansu suka zo, kuma a zaure irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi suka yaye almajirai. Amma a lura, a zauren nan akwai malami zaune, ba ya zuwa ko'ina. Yau fa? Maigida ya fita kasuwa tun asuba, uwargida tana bakin titi da tukunyar koko ko wake da shinkafa. Wa zai koyar da lissafi da kimiyya da Turanci bisa manhajar da hukuma ta kawo a 2019? Saboda haka in mun ce karatun gida, gaskiyar magana ita ce ɗaukar malami a biya shi duk wata.

Ita kuwa makarantar intanet ta zo da malamanta, wasu ma gwanaye ne. Sai dai tana cin wuta, tana cin kuɗin data, ga shi a gidaje da yawa waya ɗaya ce, ita ma tana aljihun baba. Ko an sayi kwamfuta, ina za a ajiye ta a gidan haya mai ɗaki ɗaya, rediyon maƙwabci na tashi? Mun ga abin da ya faru lokacin da aka riƙa ba da darasi a talabijin ta Ghana Learning TV a 2020. Da aka dawo aji, yaran da suka ci gaba su ne waɗanda wani babba ya zauna kusa da su. Sauran, akwai waɗanda sai da muka koma da su kan baƙaƙe. Yaro ɗan shekara bakwai hannunsa ake kamawa a nuna masa riƙon fensir, gilashi kuwa ba ya kama hannu.

Ra'ayinmu shi ne, ƙaramin yaro a nema masa malami mai zuwa gida. Wanda ya tasa, ya iya karatu da kansa, intanet za ta amfane shi, muddin akwai mai duba littafinsa kowace yamma.

Amma kafin a biya ko sidi ɗaya, a tambaya: wace jarrabawa yaron zai rubuta? Shiga sakandaren kyauta, wadda aka fara a 2017, da sakamakon BECE ake yi, kuma makaranta ce ke yi wa ɗalibanta rajista a hukumar WAEC. Tun 2015 an buɗe ƙofa ga masu rubutawa da kansu, to sai uba ya je ofishin ilimi na gundumarsa ya ji sharuɗɗan tun da wuri. Makarantun intanet na waje da yawa manhajar Ingila ko Amurka suke bi, da fam ko dala ake biyansu, jarrabawarsu ma daban ce.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. A BECE akwai takardar harshen ƙasa, irin su Twi da Ga da Dagbani, Hausa ba ta cikinsu. 'Ya'yanmu a filin makaranta suke tsintar waɗannan harsuna, a bakin abokan wasa. Wanda aka tsare a ɗaki, ko da malami ko da kwamfuta, sai an nema masa mai koya masa, kuma a bar shi ya fita wasa da 'ya'yan maƙwabta.

Sai wata mai kamawa, in Allah Ya kai mu.