Filin Shawara: Nemi Lauya Kafin Ka Ƙirga Kuɗin Gida

A wannan wata za mu taɓa maganar da ke damun kusan kowane magidanci a zangunanmu na ƙasar Gana, wato maganar sayen fili ko gida. Daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara, har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, ɗakuna sun yi mana kaɗan, 'ya'ya sun girma, kuɗin haya kuma kullum sai gaba yake yi. Saboda haka mutanenmu da dama suka bazama bayan gari, irin su Kasoa da Amasaman da bayan Ashaiman, suna neman inda za su kafa tubali. To, a can ne kuma rigimar fili ta fi yawa.

Mu mutane ne da muka gaji ciniki na amana. Kakanninmu sun yi fataucin goro da shanu da baki kawai, shaidu biyu da addu'a sun wadatar. Amma goro ana cinye shi, saniya ana yanka ta, magana ta ƙare. Fili kuwa yana nan bayan mai saye da mai sayarwa da shaidunsu duk sun kwanta dama, kuma 'ya'yan da za su tsaya gaban alƙali ba su ga ranar cinikin ba. Abin da zai yi magana a madadinka ran nan takarda ce. Shi ya sa shawararmu guda ɗaya ce: a nemi lauya tun kuɗi suna aljihu. Yawancinmu sai an rushe mana katanga muke tuna hanyar ofishin lauya, alhali kuwa rigakafi ya fi magani.

Wane lauya za a ɗauka?

Da farko, ya zama naka ne kai kaɗai. Sau da yawa mai sayarwa ko dillali zai ce, "Kada ka wahalar da kanka, lauyanmu zai rubuta kome." Wannan lauya, wanda ya ɗauke shi yake yi wa aiki, ba kuwa zai tona aibin filin da aka sa shi ya sayar ba.

Na biyu, a tabbata lauya ne na gaske, mai lasin na wannan shekara. Hukumar da ke kula da lauyoyi a Gana, wato General Legal Council, ita ke ba su lasin, kuma kowace shekara ake sabunta shi. Ba rashin kunya ba ne ka ce a nuna maka. A 2016 Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardun da lauya marar lasin ya shigar kotu ba su da inganci. Haka kuma Dokar Filaye ta 2020, mai lamba 1036, ta ce lauya ne kaɗai zai tsara takardar miƙa fili daga hannu zuwa hannu. Ke nan 'yan kai-da-kawowan nan da ke tsaye a bakin ofisoshin gwamnati suna cewa za su buga maka indenca da araha, aikinsu ba ya kan doka.

Na uku, a nemi wanda ya san yankin da filin yake, kuma aikin filaye ne sana'arsa. Lauyan da ya gwanance wajen belin masu laifi ba lalle ne ya san sarautun Ga da iyalan da ke jayayya a kan iyaka ba. A Kumasi, alal misali, takardar da ƙaramin sarki ya bayar sai ta bi ta ofishin filaye na Asantehene, kuma lauyan da ke aiki a garin ya san wannan hanya sarai.

Na huɗu, a yi maganar ladansa tun farko, a rubuce, a kuma raba tsakanin kuɗin aikinsa da kuɗin da zai biya a ofisoshin gwamnati. Duk abin da ka ba shi, karɓi rasit. Lauyan da ya ci amanarka ana iya kai ƙararsa gaban kwamitin ladabtarwa na hukumar da muka ambata. Wanda ba shi da hali kuwa, akwai Hukumar Taimakon Shari'a ta gwamnati, sai ya je ya gwada.

Me lauyan zai yi maka?

Babban aikinsa bincike ne. Zai sa safiyo mai lasi ya je ya auna filin, a fitar da taswirarsa, domin sau da yawa filin da aka nuna maka da yatsa daban, wanda ke cikin takarda daban. Da wannan taswira zai nemi a duba masa a Hukumar Filaye, wato Lands Commission, a ga sunan wa ke kan wurin, ko gwamnati ta taɓa karɓe shi, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai hukuncin kotu a kansa. Zai leƙa ofishin tsara gari na Asambili ya ga ko an ware wurin don hanya, ko makaranta, ko magudanar ruwa. Kai ma kana da naka aikin: je ka gaisa da maƙwabta, ka tambayi wanda ya daɗe a unguwar. Tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin layi ta san mutum nawa aka riga aka kawo suka ga wannan fili.

Yanzu ga tambayoyin da aka fi yi a majalisunmu.

Idan na sayi fili, ya zama nawa har abada?

Galibi a'a. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Gana tana hannun sarakuna da iyalai ne. Tsarin mulki na 1992 ya hana a sayar da filin sarauta sayarwa ta har abada, kuma dokar 2020 ta haɗa har da filin iyali da na dangi. Abin da ake ba ka haya ce ta dogon lokaci, wadda ga ɗan ƙasa mai gina gidan zama bisa al'ada takan kai shekara 99, kuma akwai ɗan kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara. Saboda haka mai sayen tsohon gida ya tambaya: shekara nawa suka rage? Gidan da aka ba da filinsa a 1950 na shekara 99, wa'adinsa zai cika a 2049, kuma lauya zai duba maka abin da takarda ta ce game da sabuntawa.

Wanda ba ɗan ƙasa ba fa?

Wannan ta shafe mu ƙwarai, domin a cikinmu akwai waɗanda kakanninsu a nan aka haife su, akwai kuma 'yan uwa da suka zo kwanan nan daga Nijar ko Nijeriya. Doka ta ce baƙo ba zai riƙe fili fiye da shekara 50 a lokaci guda ba. Ɗan ƙasa ya tanadi katinsa na Ghana Card, kuma sunan da ke kan katin ya zama shi ne a kan takardar fili, harafi da harafi. Mu da mutum ɗaya kan zama Muhammadu a wata takarda, Mamman a wata, Mohammed a ta uku, sai mu kula da wannan. Baƙon da ya sayi fili da sunan abokinsa ɗan ƙasa don ya kauce wa doka kuwa, ya sani ranar da abokin ya rasu magadansa za su ga sunan ubansu ne a takarda.

Sarki ya ba ni takardar rabo, ta isa?

Ba ta isa ba. Kotun Ƙoli ta riga ta bayyana cewa takardar rabon fili da fada ke bayarwa matakin farko ne kawai, ba ita ce shaidar mallaka ba. Bayanta sai an rubuta indenca, an biya harajin hatimi, an kai Hukumar Filaye an yi rajista. A Ankara da wasu sassan Kumasi ana ba da satifiket na mallaka, a wasu wurare kuwa takardar ce ake yi wa rajista. A kuma lura da wanda ya sa hannu. Filin sarauta, sarki ne da yardar dattawansa. Filin iyali, shugaban iyali ne da manyan gidan. Saurayi ɗaya daga cikin iyali ba shi da ikon sayarwa, ko da shi ne ke noma wurin.

Gidan gado fa?

A nan ne aka fi samun kuka a zango. Uba ya rasu ya bar gida da 'ya'ya goma sha, babban wa ya tashi ya sayar ba da sanin sauran ba. Ko da malamai sun raba gado bisa shari'ar Musulunci, kuma kowa ya yarda, mai saye yana bukatar ya ga takardar da kotu ta ba masu kula da dukiyar mamacin, da takardar da ta miƙa gidan ga magada. Idan babu wasiyya, dokar gado ta 1985, mai lamba 111, ita kotu ke dubawa, kuma ta ba matar mamaci da 'ya'yansa haƙƙi a kan gidan. Kada ka biya sai duk masu haƙƙi sun sa hannu, har da 'yan uwa mata da ke gidajen aurensu da waɗanda ke ƙasar waje.

Sai matar mai gida ta yarda?

Wannan sabon abu ne da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar 2020 ta ce filin ko gidan da aka saya a cikin zaman aure, miji ko mata ba zai sayar ko ya jinginar da shi ba sai da yardar ɗayan a rubuce, in dai ba su yi wata yarjejeniya dabam a rubuce ba. To, mai saye ya nemi wannan yarda, kada bayan shekara biyu uwargida ta kai shi kotu.

Ban iya Turanci ba, yaya zan yi?

Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba. Tun 1912 akwai dokar da ke kare wanda bai iya karatu ba. Dole ne a karanta maka takardar, a fassara maka da harshen da kake ji, a kuma rubuta a jikinta cewa an yi haka. Ka tafi da ɗanka ko wani naka da ya yi boko, ko da lauyan yana jin Hausa.

Yaya zan biya?

Ta banki, da sunan mai filin, kuma kashi-kashi: kaɗan bayan bincike ya fito da kyau, saura ranar sa hannu da miƙa takardu. Dokar dillalan gidaje ta 2020, mai lamba 1047, ta ce dillali sai da lasin, ta kuma hana biya da tsabar kuɗi a cinikin da ya bi ta hannunsu. Sidi da aka ƙirga a cikin leda a bayan shago ba su da shaida.

Na saya, na yi tafiya, me zai faru?

'Yan uwanmu da ke neman kuɗi a Saudiyya, Italiya, Jamus ko Amurka su ji wannan da kyau. A dokar Gana, idan wani ya shiga filinka ya zauna a fili ƙarara kamar nasa har shekara 12 ba ka kai ƙara ba, haƙƙinka na iya faɗuwa. Saboda haka a kewaye fili, a nemi izinin gini daga Asambili, a sa wani amintacce yana leƙawa. Mai aiko da kuɗi daga waje a saya masa, ya sa lauya ya rubuta takardar wakilci, sunansa kuma shi za a sa a indenca, ba na ƙaninsa ba.

Idan rigima ta taso, kada a ɗauko 'yan langad. Doka ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15 ga masu tsare fili da ƙarfin tsiya, da wanda ya turo su. Abin baƙin ciki, sau da yawa samarinmu na zango ake ɗauka wannan aiki, su ne ake sara, su ne ake ɗaurewa, mai filin yana gida yana shan shayi. Iyaye da sarakunan zango da limamai, wannan magana taku ce.

Daga ƙarshe, mun san wani zai ce kuɗin lauya da na safiyo sun yi yawa. Sai ya auna su da kuɗin filin gaba ɗaya, da na bulo da siminti, da shekarun da shari'ar fili kan ɗauka ana ɗagawa. Wanda ya riga ya saya tuntuni bai yi rajista ba, shi ma lokaci bai ƙure masa ba: ya ciro takardun daga ƙarƙashin akwati ya kai wa lauya ya duba, tun masu sa hannun suna da rai.

Allah Ya ba kowa muhallinsa cikin kwanciyar hankali. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.