Haƙorin Hankali ko Autan Turame?

Ya kai mai karatu, in ka ƙirga haƙoranka ka sami 28 maimakon 32, kada hankalinka ya tashi. Huɗun da suka rage su ne turamen can ƙuryar baki, waɗanda galibi kan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, wato daidai lokacin da yawancinmu muke jami'a.

Wani nasa sun maƙale cikin ƙashin muƙamuƙi don rashin wuri, sai hoton asibiti ya nuna su. Wani kuwa ko tsiro ba su yi ba tun asali. Nazarin da Carter da Worthington suka wallafa a 2015 ya nuna kimanin kashi 22 cikin ɗari na mutanen duniya ba su da aƙalla ɗaya daga cikinsu, kuma abin ya fi yawa a Asiya, ya fi ƙaranci a Afirka. Gado na da hannu a ciki. Maƙalewar kuwa masana na danganta ta da abinci mai laushi, domin muƙamuƙin da bai sha wuyar tauna ba tun yarinta ba ya girma sosai.

To, ina ruwan ɗalibin harshe? Ruwansa suna. Masu fassara kan ce “haƙorin hankali”, suna bin sawun Larabci da Ingilishi. Ni dai a ganina wannan suna bai dace ba. Ke nan wanda ba shi da su ba shi da hankali? Wasu al'ummu ba su ari na kowa ba. Turkawa na kiransa haƙorin shekara ashirin, Koriyawa haƙorin soyayya, mutanen Indonesiya kuwa autan haƙori.

Ni da na koyi Hausa a kasuwa da aji, na lura ba ta da talaucin kalmomin baki: ga fiƙa, ga wushirya, ga giɓi, ga dasashi. Me zai hana mu ce “autan turame”? Tsohuwar da ta kawo jikanta asibitin koyarwa na Gwagwalada da kumburin dasashi za ta gane nan take, ba sai an yi mata tafinta ba.

Za a ce sabon suna ba ya kama baki da wuri. Gaskiya ne, amma sannu ba ta hana zuwa. 'Yan'uwa ɗalibai, mu fara gwada shi a rubuce-rubucenmu.