Kwangilar da aka shiga da dannawa ɗaya

Ana yawan samun sabon ɗan kasuwa ya buɗe manhajar cinikin hannun jarin Amurka da niyyar sayen hannun jari biyu ko uku, ya danna, sai ya tsinci kansa riƙe da kwangilar zaɓi wadda bai taɓa nema ba. Shawarata gare shi ɗaya ce: ya rufe ta a ranar, ko da zai yi asara. Laifin kuwa, kaso mafi tsoka yana wuyan masu ƙera manhajojin da suka mai da irin wannan kwangila abin dannawa ɗaya.

Kwangilar zaɓi yarjejeniya ce da ke ba mai ita damar saye ko sayar da hannun jari a kan tsayayyen farashi kafin wani wa'adi, kuma a kasuwar Amurka guda ɗaya tana wakiltar hannun jari 100. Farashin da mutum ya gani a allo, misali dala 2, dala 200 ne zai fita daga asusunsa. In saye ya yi, asararsa ba za ta wuce wannan kafin alƙalamin ba, amma da sharaɗi. Idan ya bar kwangilar zaɓin saye har ranar ƙarewarta, kuma farashin kasuwa ya ɗara na kwangilar ko da santi ɗaya, ƙa'ida ita ce a zartar da ita kai tsaye. Hannun jarin dala 50 sai ya zama lissafin dala 5,000 a kansa a ranar ciniki ta gaba. In kuwa sayar da zaɓin saye ya danna, ya yi alkawarin miƙa hannun jari 100 da ba ya da su, asararsa ba ta da iyaka, kuma ana iya neman cika alkawarin kowace rana kafin wa'adi. Duk wannan nauyi a bayan dannawa ɗaya!

Wani zai ce, ai ya jira, wataƙila farashi ya juyo ya fita da riba. Wannan shi ne mafi haɗari. Darajar irin wannan kwangila tana zaizayewa kullum, kuma zaizayar tana ƙara gudu yayin da wa'adi ya matso. Wanda bai san yadda ya shiga ba, da wane ilimi zai san lokacin fita? Ya duba abu uku: saye ya yi ko sayarwa, kwangila nawa ce, yaushe za ta ƙare. Sannan ya yi cinikin da zai soke na farko yayin da kasuwa take buɗe, ya kira dillalinsa ya tabbatar an rufe.

To, in akwai mai ɗaukar wayar. A shekarar 2020, wani ɗalibi ɗan shekara 20 a Amurka ya ga manhajarsa ta nuna masa giɓin sama da dala 730,000 bayan cinikin zaɓi. Ya aika saƙonni neman bayani, bai samu ɗan Adam da zai amsa masa ba, ya kashe kansa. Daga baya aka gano adadin bai nuna ainihin bashin da ke kansa ba. Masu kare manhajojin suna cewa kowa ya sa hannu a takardar gargaɗi kafin a ba shi izini. Gaskiya ne, amma takardar da ake wucewa da yatsa cikin daƙiƙa biyar ba ta koyar da kowa komai, kuma wanda ya sauƙaƙa shiga zuwa dannawa ɗaya, wajibinsa ne ya ajiye mutum mai amsa kira a lokacin fita.

Ga matasanmu da ke wannan ciniki ta waya kuwa, akwai wata magana da iyaye da malamai ya kamata su riƙa tunatarwa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa kwangilar zaɓi yadda ake cinikinta a kasuwannin duniya ba ta halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ce, ba kuma amfanin wata dukiya ba. Saboda haka yaron da ya faɗa cikinta bisa kuskure, ya rufe ta, sannan ya shiga saitin asusunsa ya kashe izinin cinikin zaɓi gaba ɗaya.