Filin Masu Sana'a: Ƙarfin gado yana kusurwa huɗu

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, an kai wake da gujiya da riɗi kasuwa. Daga yanzu har bazara lokacin bukukuwa ne a ƙasar Damagaram. Duk gidan da za a aurar da yarinya, zancen kayan ɗaki ake yi, kuma babba cikin kayan ɗaki shi ne gado. Uba ya sayar da buhunan wake, uwa ta sayar da tunkiya ta haɗa da kuɗin adashi, a doshi kafinta a birnin Zindar, ko Mirya, ko Magarya, ko Matamaye.

To, a nan ake yin asara. Mai saye yana duban fuskar gado, da madubi, da ƙyallin fenti. Ba ya durƙusawa ya dubi inda katako ya sadu da katako. Kafin damina biyu gado ya fara kuka, yana rangaji, ƙafa ɗaya ta buɗe, sai a tokare ta da tubali. Kuɗin noman shekara sun tafi, ga kunya a gidan surukai. Wannan wata za mu yi bayani a kan haɗin gado: wane haɗi ke daɗewa, wane ƙarfe ya kamata a saya, da abin da za ka duba kafin ka biya.

Me ya sa gado ke kwancewa a ƙasarmu?

Kowane manomi ya san halin ƙotar gatari. Da rani takan yi sako-sako, sai an jiƙa ta da ruwa sannan ta kama. Itace yana shan laima daga iska ya kumbura, in iska ta bushe ya tsuke. Ko bayan an sare shi an fere, wannan hali ba ya barinsa.

A Zindar ruwan shekara kimanin milimita 400 ne, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Sauran watanni iska busasshiya ce, balle lokacin hunturu. Katakon da muke aiki da shi kuwa, yawancinsa daga dazuzzukan kudu yake zuwa, inda laima take da yawa. Daga Kano, mai nisan kusan kilomita 240, yakan shigo ta Daura da Ɗan Barto zuwa Matamaye, ko ta Ɓaɓura zuwa Magarya. Yana isowa da sauran ruwa a jikinsa. In aka yi aiki da shi nan take, zai ƙarasa bushewa ne a ɗakin amarya.

Katako ba ya raguwa a tsawo sai ɗan abin da ido ba ya gani. A faɗi yake tsukewa. Katako mai faɗin santimita 15 yana iya raguwa da milimita 3 ko 4 kafin ya gama bushewa. Ƙarfe kuwa bai san damina ba, bai san rani ba. Itace ya kumbura ya matse ƙusa, ya tsuke ya sake ta, ramin ya yi ta faɗi. Ka ƙara da nauyin mutum yana hawa yana sauka kullum. Wannan shi ne asalin kukan gado.

Ƙusa ba ta riƙe kusurwa

Gado yana da allon kai, da allon ƙafa, da dogayen katakai biyu na gefe. Inda dogon katako ya sadu da ƙafar gado, nan ne wahala duka take taruwa. Kafinta mai gaggawa yakan kafa bakin katako a jikin ƙafa, ya buga manyan ƙusoshi uku ko huɗu, ya toshe kansu, ya shafa fenti.

Ƙusar da ta shiga ta bakin katako tana bin jijiyar itacen ne, kamar tsinke cikin damin kara. Babu abin da ke riƙe ta. Ƙusa mai murɗi, wadda ake ɗaurawa da turnabis, ta ɗan fi, amma ita ma ba ta kama bakin katako sosai. Gam ma haka ne, bakin katako yana shanye shi kamar yadda rairayi ke shanye ruwa. Ƙusa tana da wurinta a gado, wajen kafa ado da siraran katakai. A kusurwa kam, a'a.

Haɗin harshe da rami

Haɗin da ya fi kowane ƙarfi tsohon abu ne. Ana fere bakin katako ɗaya ya zama harshe, a fafe rami daidai da shi a jikin ɗayan, a zura. Wasu kafintoci suna ce masa mace da namiji. Waɗanda suka koyi aiki a makarantar sana'a sun san shi da sunan Faransanci, tenon da mortaise. Ba baƙon abu ba ne gare mu. Ku dubi gadon Buzaye a Damargu: sanduna ne ke shiga ramukan da aka sassaƙa, babu ƙusa ko ɗaya. Ranar ƙaura a kwance shi a aza wa raƙumi, a isa masauki a sake haɗawa.

Ga ƙa'idodin wannan haɗi:

1. Kaurin harshe ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon da aka fere shi. In ya fi haka siranta zai karye.

2. Harshe ya shiga da ɗan bugun guduma ta itace. In ya faɗa da kansa, rami ya yi faɗi. In sai an yi masa dukan kawo wuƙa, ƙafar za ta tsage.

3. Kafaɗun harshe su zauna daram a jikin ƙafa, kada haske ya ratsa. Kafaɗa ita ke hana rangaji.

4. A shafa farin gam na katako a gefen harshe da cikin rami. Gam mai wari da ake liƙa fomika da shi ba na haɗi ba ne.

5. A huda ta gefe a buga ƙusar itace mai kaurin milimita 8 ko 10, ta ratsa ƙafa da harshe. Gwanaye sukan gusa hudar harshe wajen kafaɗa da milimita 1 ko 2. Da an buga ƙusar itacen sai ta jawo harshe ciki ta ƙulle shi, ko gam ya saki haɗin yana nan.

Da wannan haɗi za a yi allon kai da allon ƙafa, domin su ba a kwance su har abada.

Dogayen katakai: noti ya fi

Kada a liƙe dogayen katakan gefe da gam. Ƙofofin ɗakunanmu ƙanana ne. Wanda ya san lungunan Birni da Zango ya san gado a haɗe ba ya ratsa zaure cikin sauƙi. A ƙauye kuma amalanke ne zai kai shi. Gadon da ba ya kwancewa, ranar jere ake fara karya shi.

Abin da ya dace shi ne gajeren harshe mai tsawon santimita 1 da rabi ko 2, tare da dogon noti, wanda wasu ke kira bulon. Harshe ke ɗaukar nauyi, noti ke jan katako ya manne da ƙafa. Noti ya ratsa ƙafar gado, ya bi cikin bakin katako, ya iske macensa a wani rami da aka fafe ta ciki, inda ido ba ya gani. Kaurinsa ya kai milimita 10, tsawonsa santimita 15 ko fiye. A sa faifan ƙarfe mai huda, wato washa, ƙarƙashin kan noti, don kada ya nutse cikin itace. In akwai farin noti mai rufin da ke hana tsatsa, shi za a zaɓa.

Amfanin noti a fili yake. Hunturu ya zo, itace ya tsuke, gado ya fara motsi: sai ka ɗauko sifana lamba 17 ko 16, ka ƙara murɗawa sau ɗaya ko biyu, gado ya koma sabo. Ƙusa ba ta da wannan gyara. Sau ɗaya a shekara, wajen watan Fabrairu, ya isa.

Akwai wasu hanyoyi biyu. Ta farko, ƙugiyoyin gado da ake sayarwa a shagunan kayan gini, ɗaya na shiga cikin ɗaya. Suna da sauƙin kwancewa, amma a zaɓi masu kauri. Wadda ka iya tanƙwarawa da hannu, bar ta a shago. Ta biyu, mai walda ya yanka maka ƙarfe mai kusurwa, kaurin milimita 3 ko 4, ya huda shi, a ɗaura da noti biyu a jikin ƙafa, biyu a jikin katako. Ba shi da kyan gani, amma yana ciki, kuma yana da ƙarfi. Da shi ne ma ake ceton tsohon gadon da ƙusa ta lalata.

Awo da shimfiɗar ciki

A fara sanin katifa kafin a yanka katako. Katifar mutum ɗaya yawanci santimita 90 ce a faɗi, 190 a tsawo. Ta mutum biyu 140. Akwai masu 160 da 180. A bar sararin santimita 1 ko 2 a kewaye.

Ƙafar gado kada ta gaza santimita 7 a kowane gefe. Dogon katako ya kai santimita 3 a kauri, 15 a faɗi. A jikinsa ta ciki ake kafa siririn katakon da sandunan giciye ke hawa. A kafa shi da gam da ƙusa mai murɗi, ɗaya a kowane santimita 20, a fara hudawa don kada itace ya tsage. Sandunan giciye su kai santimita 2 a kauri, tazararsu kada ta wuce faɗin yatsu huɗu, in ba haka ba katifar soso za ta riƙa zurmawa. Gadon da ya kai santimita 140 yana buƙatar katako a tsakiya daga kai zuwa ƙafa, da ƙafa ta biyar ƙarƙashinsa. Rashin wannan ƙafa shi ke sa gado ya zama kwale-kwale.

Wane itace?

Jan katako mai nauyi, irin dangin maɗaci ko iroko, shi ya dace da ƙafafu da dogayen katakai. Farin katako marar nauyi yana da araha da sauƙin aiki, amma yana da taushi, noti na nutsewa cikinsa, ƙwaro kuma na son sa. A bar shi wajen allo da ado. Dogon yaro da ya manyanta yana ba da katako mai kyau, gara ba ta cika damunsa ba. Itacen turare yana murɗewa yana tsagewa in bai bushe a hankali ba.

Gawo ba itacen gado ba ne. Katakonsa ba shi da ƙwari, amfaninsa a gona yake, inda ganyensa ke zama taki, ƴaƴansa abincin dabbobi. Dattawa suna ba da labarin yadda Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tsananta hukunci a kan masu sare gawo. Albarkar kula da shi ce ake gani a gonakin Magarya da Matamaye da Mirya. Dokar daji ta 8 ga Yuni 2004 ita ma ta hana sare itatuwan da hukuma ke karewa sai da izini. Kafin ka taɓa maɗaci, ko maɗobiya, ko giginya, ka nemi ma'aikatan daji.

Kowane katako ka samu, a jera shi a inuwa, a sa ƴan sanduna tsakani don iska ta ratsa, ya yi wata 2 ko 3 na rani. Saboda haka mai bikin bazara, tun kaka ya kamata ya ga kafinta. Sauri ya haifi nawa.

Gara, kuɗin cizo da sauro

In daɓen ɗaki na ƙasa ne, a ɗora kowace ƙafa bisa falalen dutse ko gutsuren siminti, a janye gado daga bango kaɗan, a riƙa share ƙarƙashinsa. Gara ba ta son inda ake motsi.

Kuɗin cizo a tsaga yake ɓuya. Haɗin da ya zauna daram ba ya ba shi gida. Gadon noti kuma ana iya kwance shi, a fitar da shi rana, a kwarara tafasasshen ruwa a ramukan, a bari ya bushe sarai kafin a haɗa. Gargaɗi: ƙwayar maganin da ake sa wa buhunan wake guba ce mai tashi cikin iska. Kada a kuskura a sa ta a ɗakin kwana. Tana kashe mutum, balle yara.

A ce wa kafinta ya tanadi wurin kafa sanduna huɗu na gidan sauro tun wajen aiki. Kada a bari sai damina a zo ana buga ƙusa a kan ƙafar gado.

Kafin ka biya

1. Ka je wurin kafinta tun gado bai sha fenti ba. Fenti yana rufe aibi.

2. Ka ce a kwance kusurwa ɗaya a gabanka. Ka ga harshe, ka ga noti, ka ga washa.

3. Ka kama allon kai ka girgiza. Gadon ƙwarai duka yake motsi tare, ba ya kuka.

4. Ka auna da igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke gicciye da ita, sannan ka auna ɗaya gicciyen. In awo biyu bai zo ɗaya ba, gado a karkace yake.

5. Ku yi magana a kan irin itace da irin haɗi tun ranar ba da kafin alƙalami, gaban shaida.

Ku kuma ƴan'uwa kafintoci, mun san fafe rami yana cin lokaci, kuma mai saye yana son sauƙi. Ku ajiye gutsuren haɗi iri biyu a rumfa, na ƙusa da na harshe, ku ba shi ya girgiza da hannunsa. Gani ya kori ji. In kuɗinsa ba su kai ba, ku rage madubi da ado, ku bar kusurwa da ƙarfinta. Gadon da ya shekara 20 a ɗakin mace shi ke kawo maka aikin ƴarta. Masu saye kuma su tuna, araha ba ta ado.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan ƙyauren ɗaki da tagogi. Mu kwana nan.