Ba Kowane Mai Ke Toshe Jijiya Ba

Sau da yawa, da zarar ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mutum, sai dangi su hana shi duk wani abu mai maiƙo. Nufinsu alheri ne, amma a ganina sun yi kuɗin goro ga abubuwan da suka bambanta ƙwarai.

Shi wannan ciwo iri biyu ne: ko dai jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe, ko kuwa ta fashe. Toshewar ita ce ta fi alaƙa da kolestarol, watau wani maiƙo da hanta ke sarrafawa, jini kuma ya ɗauke shi. Idan nau'insa da ake kira LDL ya yawaita, sai ya riƙa taruwa a bangon jijiya har hanyar ta ƙuntata.

To, me ke ƙara shi? Tun a 1965 masana biyu na Amurka, Keys da Hegsted, kowanne da nasa binciken, suka nuna cewa maiƙon da ke daskarewa shi ke ɗaga kolestarol, wanda ba ya daskarewa kuwa yakan sauko da shi idan ya maye gurbin na farko. Man shanu da kitsen nama suna cikin rukunin farko. Kimanin rabin manja ma haka yake. Man gyaɗa kuwa, da maiƙon kifi, galibinsu na rukuni na biyu ne. Saboda haka wanda ya hana majinyaci kifi, ya bar shi da tuwo tsura, bai taimake shi ba.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, aka buga a 2018, ya sa hawan jini a gaba cikin abubuwan da ke jawo ciwon, rikicewar maiƙon jini na biye da shi. Wani binciken kuma na 2006, mai suna SPARCL, ya nuna maganin atobastatin ya rage dawowar ciwon da kimanin kashi 16 cikin 100.

Amma fa kada a ɗauka gyaran abinci kaɗai ya wadatar. Wani siriri ne, ga shi kolestarol ɗinsa ya hau, domin gado ya yi. Ido ba mudu ba ne a nan. Awon jini kaɗai ke faɗin gaskiya.

Don haka ra'ayina shi ne, duk wanda ciwon ya taɓa, lalle a auna masa hawan jini da maiƙon jini, a sauya masa irin man girki bisa shawarar likita, kada kuma ya bar magani don ya ji sauƙi. Mu da muka san haka, wajibi ne mu isar da shi ga iyayenmu. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.