Kafin a ce waya ta lalace, a tuhumi faifan cajin tukuna

Wani sabon kaya ya shigo zangunanmu, daga Nima da Mamobi a Akra har Aboabo da Asawase a Kumasi. Faifan caji ke nan, wanda ake ɗora waya a kansa ta ja wuta ba tare da an soka mata igiya ba. 'Yan uwa da ke Turai da Amurka suna aiko shi cikin tsaraba, 'yan kasuwa suna kawo shi daga Dubai da ƙasar Sin. Tare da shi kuma wani sabon ƙorafi ya shigo: "Na ɗora ta, ta ƙi ɗauka." Daga nan sai wurin mai gyara, a ɓalle bayan waya, a canza batirin da lafiyarsa ƙalau, a biya kuɗi, a dawo gida a tarar matsalar na nan daram.

Ni malamin makaranta ne, kimiyya nake koya wa yara, kuma a unguwa an ɗauka duk wanda ke koyar da kimiyya ya san kan waya. Saboda haka ana yawan kawo mini irin wannan ƙara. Abin da nake gani shi ne, sau da yawa wayar ba ta da laifin komai. Laifin yana ga faifan, ko kan cajar da ke ba shi wuta, ko wani abu da mai wayar ya cusa a bayanta, ko kuma wanda ya sayar masa da kayan ya ƙi gaya masa gaskiya. Ra'ayina shi ne kada kowa ya yarda a sa wa wayarsa sukundireba a kan wannan matsala sai ya yi gwajin da ba ya cin ko pesuwa ɗaya.

Ba sihiri a cikin abin. A cikin faifan akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗe kamar gammo. A bayan wayar salula ma, ƙarƙashin murfi, akwai irin wannan naɗin. Idan wuta mai kai-da-komo ta bi naɗin faifan, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayensa, shi kuma ya tayar da wuta a naɗin da ke cikin wayar, ta wuce zuwa batir. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano wannan tun 1831, kuma a kansa ne taransifomar da ke bakin titinmu take aiki. A 2008 kamfanoni suka haɗu suka kafa ƙungiya don fitar da ƙa'ida guda, suka sa mata suna Qi, ana furta shi "ci", domin faifan wani kamfani ya iya cajin wayar wani. Wanda ya riƙe hoton gammo biyu da ke fuskantar juna, tazarar da ke tsakaninsu 'yan milimita kaɗan, ya riga ya fahimci rabin matsalar: dole su kasance biyu, dole su daidaita, dole kada wani abu ya shiga tsakani.

To, tambayar farko ita ce, wayarka tana da nata gammon? A nan ne aka fi yin asara. Mutum ya ga bayan wayarsa na ƙyalli kamar gilas, ya ga an ce sabuwar fita ce, sai ya ɗauka ai dole ta yi. Ba haka ba ne. Apple ya fara sa wannan naɗi ne daga iPhone 8 da iPhone X a 2017, saboda haka mai iPhone 7 ko 6 ko zai kwana yana juya ta a kan faifai ba abin da zai faru. Samsung ya sa shi a cikin Galaxy S6 tun 2015, amma ya fi barin sa ga manyan wayoyinsa masu tsada. Jerin A, wanda shi ne ya fi yawa a hannun jama'armu, galibi ba shi da shi. Haka yawancin Tecno da itel da Infinix, sai 'yan ɗaiɗaiku na baya-bayan nan, irin Infinix Note 30 Pro. Wannan ba aibi ba ne ga wayoyin, an rage ne don farashi ya sauko inda talaka zai kai. A duba kwalin wayar, ko a rubuta cikakken sunanta a intanet a ga ko an ambaci Qi. Minti biyu ya isa.

Idan tana da shi, sai a juya ta a dubi bayanta, a nan fa nake so mu tsaya. Mun mayar da rigar waya jakar kuɗi. Ghana Card na ciki, katin banki na ciki, ga takardar sidi ashirin a ninke saboda ko-ta-kwana, wani har da hoton fasfo da sulalla. Direbobi da 'yan okada kuma suna liƙa wani ɗan falle na ƙarfe domin wayar ta manne a kan maganaɗisun da ke gaban mota ko babur, wasu kuma zoben riƙewa. Faifai mai kyau an ƙera shi ne ya gane baƙon ƙarfe, da ya ji shi sai ya yanke wuta, yawanci fitilarsa ta riƙa ƙyaftawa. Yana yin haka ne don kada ƙarfen ya yi zafi ya ƙona rigar ko ya cutar da batir. Wato abin da mai waya ke kira lalacewa, faifan aikinsa yake yi. Kuma Apple da kansa ya gargaɗi mutane kada su bar katin banki ko wani kati mai ɗauke da bayanai tsakanin waya da faifai, domin yana iya lalacewa. Duk wanda ya taɓa bin layin neman Ghana Card ya san ba abin wasa da shi ba ne. A tuɓe wa wayar riga gaba ɗaya, a ɗora ta tsirara a gani. Ko ba ƙarfe, riga mai kauri irin ta masu tsoron faɗuwa tana iya nisanta gammon biyu har su kasa jin juna.

Sai zama. A sa tsakiyar bayan wayar a tsakiyar faifan, fuskarta sama, a jira daƙiƙa biyu ko uku. Manyan wayoyin yanzu suna da tudun kyamara wanda ke ɗaga su gefe guda, sai a ɗan matsa ta har alamar caji ta fito. Wani ya ɗora da dare ta ɗauka, da asuba ya tarar ba ta cika ba: saƙonnin zauren WhatsApp ne suka yi ta girgiza ta har ta zame daga tsakiya. Saboda wannan matsalar ne Apple ya sa zoben maganaɗisu a iPhone 12 a 2020, ya kira shi MagSafe, daga baya a 2023 aka shigar da dabarar cikin sabuwar ƙa'idar Qi2. Kuma idan wayar iPhone tana jone da igiya, ba za ta ja daga faifai ba, da igiyar za ta yi caji.

Abin da mutane ke mantawa shi ne faifan ma da igiya yake aiki. Sunan ne kawai "ba igiya". Da yawa ana sayar da su ba kan caja, sai mutum ya ɗauko tsohon kan da ke gida mai wat 5, ya haɗa da igiyar da aka ɗaure da salatif, ya ce faifai ya ba da wat 15. Ina zai samo? Faifan MagSafe na farko, alal misali, sai da kai mai wat 20 yake kaiwa wat 15 ɗinsa. A canza kai, a canza igiya, a cire daga doguwar soket ɗin nan da ke ɗauke da fanka da firij da talabijin a gwada a bango.

Zafi kuma namu ne. Masu ƙera waya suna cewa ta fi jin daɗin aiki ƙasa da digiri 35, alhali a Tamale ko Bawku ko Wa, watan Maris yana wuce haka a cikin inuwa ma. Cajin faifai kuwa yana ƙara nasa zafin. Idan batir ya ɗumama, wayar da kanta take rage caji ko ta tsaya, iPhone takan tsaya a kashi 80 har sai ta huce. Akwai kuma saitin kare batir da ke hana ta wuce kashi 80 ko 85 da gangan. Wanda bai sani ba sai ya ce batir ya mutu. A ɗauke ta daga kan katifa ko bakin taga, a bar ta ta sha iska, a leƙa saitin batir. A kashe ta a kunna, idan akwai sabunta manhaja da ke jira a yi.

Gwajin da ya fi kowanne raba gardama shi ne na musaya, irin wanda nake sa ɗalibai su yi da ƙwan fitila da batir: ka canza abu ɗaya, ka bar sauran yadda suke. Ɗora wayarka a faifan wani da aka san yana aiki. Ɗora wayar wani da aka san tana ɗauka a naka faifan. Idan taka ta ɗauka a can, faifanka ne. Idan tasa ta ɗauka a naka, taka kuma ta ƙi ko'ina, to yanzu ne maganar mai gyara ta taso. Nan ma akwai tambaya: wayar gwanjo ce? Da yawa daga waɗanda ake shigowa da su an taɓa canza musu gilashin baya, kuma naɗin tagullar yana nan dab da gilashin, siriri ne kamar takarda. Wajen ɓamɓarewa yana iya yagewa, ko a manta a mayar da mahaɗinsa. Wannan gyara ne na gaske, kuma ba batir ne za a canza ba.

Ba na cikin masu cewa duk mai gyara macuci ne. Yawancinsu ƙannenmu ne da suka koyi sana'a a hannun ubangida, suna neman halalinsu a cikin ɗan akurkin shago. Sau da yawa ma mai wayar ne ke zuwa da hukuncinsa a baki, "batir ne, canza mini", yaro kuma ba zai kori ciniki ba. Amma ina da magana da su. Duk mai gyaran da ke karɓar irin wannan aiki ya kamata ya ajiye faifai ɗaya mai kyau a kan teburinsa, ya gwada a gaban mai kaya kafin ya kunna na'urar zafi. Buɗe waya ba ƙaramin abu ba ne: da an ɓalle ta, mannin da ke hana ruwa da ƙura shiga ya tafi, kuma ba kowa ke mayar da shi daidai ba. Ga shi wayar yanzu ita ce asusun mutum. Mai sayar da waake ko koko da MoMo ɗinta ke ciki, kwana biyu a shagon gyara kwana biyu ne na juya masu saye. Idan har ta kama a bar ta, a cire layin, kada kuma a ba kowa lambar sirrin kuɗi.

Masu sayarwa su ne na fi jin haushinsu. Mutum ya zo da waya a hannu, kana ganinta, ka san ba ta da Qi, ka miƙa masa faifai ka karɓi kuɗi, gobe ya dawo ka ce kayan lantarki ba a mayarwa. Ɓoye aibin kaya ke nan, ko da wane suna aka kira shi, kuma dukkanmu mun san hukuncinsa tun muna makarantar allo. Wasu kuma sai su haɗa masa da ɗan fallen nan da ake liƙawa a baya a soka bakinsa a ramin caji. Yana aiki, amma a hankali ƙwarai, yana zafi, kuma ya toshe ramin da aka ce ana son hutar da shi. Mai saye a Tip Toe Lane ko Adum, ko ma a shagon unguwa, ya ce a jona a gwada da wayarsa a nan take, ya ga alamar caji da idonsa, ya karɓi rasit. Gani ya kori ji.

Shin ma ya cancanci kuɗinsa? Ga yawancinmu, a ganina, a'a. Wani kaso na wutar yana tafiya a zafi kafin ya kai batir. A mita ba za ka ji shi ba, don batirin waya ɗan ƙaramin abu ne. Inda za ka ji shi shi ne ranar dumso, lokacin da aka kawo wuta ta awa ɗaya, ko kake lallaɓa ɗan abin da ya rage a pawa banki. Tecno mai igiya da kai mai wat 18 za ta riga wayar mai tsada da ke kan faifai mai wat 7.5 samun abin da za ta kai dare da shi. Kuma ba ka iya ɗaga ta ka amsa kira tana ci gaba da caji.

Inda na ga amfaninsa a fili guda biyu ne. Wanda ramin cajinsa ya sake ko ya lalace, faifai zai riƙe shi har ya tara kuɗin gyara. Sai wanda ruwan damina ya jiƙa wayarsa har ta yi gargaɗin kada a soka igiya, zai iya goge bayanta ya ɗora a faifai kafin ramin ya bushe. Kodayake shi ma ramin, kafin a yanke masa hukunci, a kashe wayar a haska shi da tocila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan dunƙule a can ciki su hana bakin igiya shiga sosai, kuma tsinken sakace na itace, a hankali, yana fitar da su. Kada dai a sa allura.