Kano zuwa Jidda: Yadda yaƙi ke tsawaita tafiyar alhazai

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400, wadda jirgi kan shafe cikin sa'o'i huɗu zuwa biyar idan ya miƙe hanya.

Sai dai miƙaƙƙiyar hanyar ta ratsa ta sararin samaniyar Chadi da Sudan ne kafin ta tsallake Bahar Maliya. Don haka tsawon tafiyar ya dogara ga zaman lafiyar ƙasashen da jirgi ke giftawa ta kansu.

Hakan ya fito fili a shekarar 2023. A ranar 15 ga watan Afrilu ne faɗa ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, aka kuma rufe sararin samaniyar Sudan ana gab da fara jigilar alhazai.

A bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, kowace ƙasa ce ke da cikakken iko da samaniyarta, babu kuma jirgin da zai ratsa inda aka rufe. Dole ta sa jiragen Najeriya yin zagaye, wanda ya ƙara wa tafiyar fiye da sa'a guda.

Ƙarin sa'a a sama kuwa na nufin ƙarin mai, da ƙarin kuɗin ratsawa da ake biyan kowace ƙasa. Haka nan yawan sawun da jirgi ɗaya zai iya yi a rana yakan ragu.

Wannan ne ya sa kamfanonin jiragen cikin gida, ciki har da Max Air da Air Peace, suka ƙi sa hannu da farko a yarjejeniyar jigila da hukumar alhazai ta NAHCON. Daga bisani aka amince da ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, a shekarar da Najeriya ke da kujeru 95,000, kuɗin kujera kuma ya kusan naira miliyan uku.

Ba alhazan Najeriya kaɗai suka ɗanɗana irin wannan ba. Bayan da Rasha ta rufe samaniyarta ga jiragen Tarayyar Turai a 2022 sakamakon yaƙin Ukraine, tafiyar jirgin Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga kimanin sa'o'i tara zuwa sa'o'i 13.

Haka ma lokacin da sojojin da suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum suka rufe samaniyar Nijar a watan Agustan 2023, sai da jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka suka sauya hanya.

Matsalar arewacin Najeriya dai ita ce ƙarancin zaɓi. Kamfanoni da dama sun daɗe suna ƙaurace wa samaniyar Libiya, wadda ta faɗa rikici tun 2011, hanyar kudu kuma tana da nisa.

Tunda maniyyaci kan biya kuɗinsa watanni kafin tashi, duk wani rikicin da ya ɓarke a kan hanya bayan nan sai ya haifar da tambaya guda: wa zai ɗauki nauyin ƙarin, kamfani ko gwamnati ko alhaji?